Ayabar Inna a Hannun Mai Aski

Ranar da aka sayar da gidan Inna, 'yan'uwa suka yi ta rabon katifu da tukwane. Autarta kuwa ɗan tsiron ayaba kawai ta haƙo daga bakin rijiya, ta naɗe shi a buhu ta kawo gidan hayarsu. A lungun bayan banɗaki ta dasa shi, inda rana ke leƙowa da hantsi ta wuce abinta.

A gidan burodi Auta take aiki, tsaye tun asuba gaban tanda. In ta dawo, ƙafafunta sun kumbura, ko magana wuya take mata. Duk da haka sai ta ja bokitin ruwan wanke-wanke zuwa bakin lungun, ta sheƙa wa ayabar, ta koma ta zube a tabarma. Haka aka yi ta yi fiye da shekara.

Abu ɗaya ke damunta. Ayaba sau ɗaya take haihuwa, daga nan uwar ta mutu, 'ya'yan da suka tsiro a gindinta su gaje ta. A gidan Inna har rasa inda za a sa ƙafa ake yi don yawansu. Tata kuwa gindi fes, ko ɗaya babu. Ta zargi ƙasar, ta zargi sabulu, ta zuba taki har maƙwabta suka fara toshe hanci.

Mijinta mai aski ne, mutumin kirki, sai dai idonsa ba ya iya ganin abu ya yi tsiro ya ƙyale shi. Ko gefen tabarma ne ya yi gashi, sai ya bi shi da almakashi. Ran Litinin ba ya buɗe shago, ita kuma tana wurin aiki.

Da ayabar ta fitar da nono ya ƙosa, Auta ta ɗauki hutun yini guda don ta sare shi. Litinin ce. Tana shiga lungun ta tarar da shi tsugune da tsohuwar askarsa, yana ƙwaƙule wani ɗan kore daga gindin, har cikin saiwa, yana mayar da ƙasa yana lallashe wurin da tafin hannu.

Ya ɗago yana murmushi, ya ce gyaran fuska yake mata. Waɗannan ƙananan, in ji shi, ruwanta suke shanyewa, ga shi ita ke wahalar jan bokiti. Tun bara yake fama da su, sun daina fitowa ma, sai wannan mai taurin kai.

Gajiya ce ta taso wa Auta tun daga tafin ƙafa, ta zauna a kan bulo.

"Maigida, su nake jira," ta ce. "Ita wannan ta gama nata."

Ya dubi askar, ya dubi matarsa. Ya tsinci ɗan tsiron ya cusa a ƙasa, amma ya riga ya yi masa gunduwa-gunduwa. Ya ce to a shuka iri mana. Da ayabar ta nuna har ɓare guda ya yi yana tona ta da farce, bai samu komai ba sai ɗigo-ɗigon baƙi. Gidan Inna kuwa mai sayensa ya malale tsakar gidan da siminti.

Suka yi ta ba kututturen ruwa, shi da safe, ita da yamma. Bai tsiro ba, ruɓewa ya yi.

Ayabar ta nuna gaba ɗaya, yadda ta saba, ba ta jiran kowa. Auta ta aika wa yayyenta, kowa da rabonsa, ba ta gaya musu ita ce ta ƙarshe ba. Guda ɗaya ta ajiye a kan kantar ɗaki, har bawon ya yi baƙi, ƙananan ƙudaje suka fara zagaya ta.

Mijin ya tambaya a hankali ko ya fitar da ita.

"Bar ta," ta ce.

Ta ɓare ta a tsaye, da kayan aiki a jikinta. Ayabar ta yi laushi har ba ta bukatar tauna, amma Auta ta daɗe ba ta haɗiye ba.