Tagwaye a Ofishin Ruwa

Aikin Auta shi ne auna gwamnati, kuma duk wanda ta gaya wa haka sai ya yi dariya ya tambaye ta ko da mudu ake awon. Cibiyar da take wa aiki tana da takwarori a ƙasashe da yawa. Hanya ɗaya suke bi dukansu, don a iya jera sakamako a ga inda hukuma ke yi wa kowa aiki tsakani da Allah, da inda sai da toshiya ko sanayya.

Tambayar mutane kawai ba ta isa, domin kowa ya iya kuka da gwamnati, har mai cin moriyarta. Shi ya sa suke tura tagwaye. Mutum biyu ne kusan sa'annin juna, buƙatarsu ɗaya, takardunsu iri ɗaya, ranar zuwansu ɗaya. Ɗaya zai sha ado a sauke shi a mota, ɗayan ya tako da ƙafa cikin silifas ɗin da ya ga duniya. Sai a zuba ido a ga wanda za a fara kulawa. Tagwayen bana wasu tsofaffi biyu ne da suka yi zamaninsu a wasan kwaikwayon rediyo, kullum cikin faɗa suke a kan wanda zai shiga motar.

Yayan Auta ne shugaban ofishin haɗa ruwan famfo na yankinsu. Shi ya rene ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai ta makaranta a bayan keke. A gari Bi-Layi ake ce masa, tun ranar da ya mayar da surukinsa, uban matarsa, ƙarshen layi, abin da matarsa ba ta gama yafe masa ba har yau. Shekara da shekaru ofishinsa ne a kan gaba. Auta ta taɓa zama a wani taro a ƙasar waje ta ji baƙi suna buga misali da ofishin, ba su san ƙanwar mai shi na zaune a tsakiyarsu ba. A ranar, kanta ya kusa taɓa rufin ɗakin.

Saboda haka da tsofaffin suka dawo da yamma suka zauna a gaban teburinta, hankalinta kwance ta miƙa musu ruwa.

"'Yata, yau na ga gata," in ji na mota, yana gyara wuyan riga. "Shugaban da kansa ya fito. Ya ce, Baba, bai kamata ka tsaya ba. Ya kai ni ofishinsa, ya kunna mini fanka, kafin in gama shan iska an gama mini komai."

"Ya nemi wani abu a hannunka?"

"Ko kusa. Na ma gwada yi masa alama, ya haɗe rai kamar na zage shi."

Ta juya wajen mai silifas. Tsohon yana murza gwiwa.

"Ni dai ina tsaye a jikin ginshiƙi. Ta gabana ya wuce, har gefen rigarsa ya taɓa ni. Sai da rana ta take aka zo kaina."

Auta ta so ta ce ƙarya suke yi, amma ta san tsofaffin nan, a wasa kawai suke ƙarya.

Abokin aikinta Mai-Gilashi, wanda ke haɗa alƙaluma, ya jira suka fita sannan ya matso da kujerarsa. Mutumin kirki ne, irin kirkin da ke jefa mutum a rami.

"Na'urar ba da lambar layi ta lalace a ranar," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ƙa'ida ta yarda a jefar da ziyarar da aka samu tangarɗa. Ba wanda zai ce kin yi wani abu."

"A yankunan gabas ma mun tarar da ita a lalace. Mun jefar?"

"Ba mu jefar ba."

"To, shugabannin can ba su da ƙanne ne?"

Mai-Gilashi ya cire gilashin ya goge, ya mayar. Ita kuwa ta tura masa aikin yankin gaba ɗaya, ta ce ya ƙarasa da hannunsa kada nata ya shiga, ya kuma sanar da shugabar cibiyar dalili. Daga nan ta shige banɗaki ta yi kukanta ta wanke fuska. Masu cewa gaskiya ɗaci gare ta, yawancinsu a bakin wani suka ga ana taunawa.

Da rahoto ya fita, yankin ya sauko daga kan gaba. Jaridu suka yi ta yayatawa, waɗanda Bi-Layi ya taɓa hana su tsallake layi suka samu abin taunawa. 'Yan'uwa suka daina ɗaga wayarta. Wata gwaggonsu ta aiko a gaya mata cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaya dai bai kira ba, kuma shirunsa ya fi duk maganganun nan yi mata nauyi.

Ranar hutu da la'asar ta ɗaure ta tafi gidansa. Matarsa ta amsa sallamar da ƙyar, ta ce, "A'a, manyan ma'auna ne a gidan namu?" ta koma kicin tana buga tukwane. Yaya na tsugune a tsakar gida ya kwance kan famfo yana sa masa sabuwar roba. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa bai ɗago ba.

"Na tuna tsohon naku," ya ce can. "Ni na shigar da shi. In da za a sake, ina jin zan sake. Ba motarsa na duba ba, Auta, kin san ni. Furfura na gani, na tuna Baba. In awonku bai san girmama tsoho ba, to awon ne ke da gyara."

Ta daɗe tana kallon hannuwansa, duk sun yi baƙi da tsatsa. Tana tsoron maganar da ke bakinta, don ta san in ta fita ba ta komawa.

"Yaya, su biyu muka tura. Ɗayan ma tsoho ne, ya ma girme shi. Yana tsaye a jikin ginshiƙin da ke bakin ƙofarka."

Sifanar da ke hannunsa ta tsaya. Ruwa na ɗiga a kan ƙafarsa bai janye ba.

"A jikin ginshiƙi?"

"Ya ce rigarka ta taɓa shi."

Ya rufe ido yana lalube a cikin kansa, ta ga yana nema da gaske, kamar mai neman makulli a aljihu. Da ya buɗe, idanun sun kaɗa.

"Wallahi ban gan shi ba," ya ce. Ya sake faɗa a hankali, wannan karon ba da ita yake ba. "Ban gan shi ba."

Matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, a shirye take ta taya shi faɗa. Ya ɗaga mata hannu.

"Zuba wa yarinyar nan abinci, ta sha hanya." Ya juyo ga Auta, ya share hannu a jikin wando. "Baɗi ma za ku turo su?"

"Za mu turo, Yaya."

"To, kada ki kuskura ki gaya mini ranar."