Motar da Baffa Sabri Ya Gani

Ni na ce a sa biyu. Usta Shawki ya ce ɗaya. Daga nan abin ya fara.

Madarar ɓauna nake kaiwa birnin Tanta daga ƙauyenmu, gwangwani huɗu a bayan babur, kullum bayan asuba. In sanyi ya shigo, hazo kan taso daga ƙoramar ban-ruwa ya kwanta a kan titi har hantsi. Sau biyu babbar mota tana tura ni cikin gonar dankali don direba bai gan ni ba. Sai na sayo fararen fitilu biyu, na kai wa Usta Shawki mai gyaran wutar babura.

Ya jujjuya su, ya yi tsaki.

"Biki za ka yi, Ragab? Ko filin ƙwallo za ka haska?"

"So nake a gan ni, Usta."

"Sa ɗaya, ruwan ɗorawa, can ƙasa. Farar wuta a hazo bango take zama."

"Biyu. Dama da hagu."

"Batirinka ba zai ɗauki uku ba."

"To a kashe ta tsakiya."

Ya daɗe yana kallona. "Taurin kan ubanka ka kwaso kaf. Miƙo sifana."

Ya ɗaura su a kan ƙarfe ɗaya, tsakaninsu bai wuce kamu guda ba.

Ranar Talata Sajan Abdel-Ghani, ɗan sanda, ya tare ni a shingen bakin gada. Abokin babana ne tun suna yara.

"Daga can na ɗauka mota ce ta taho, har na gyara hula. Ashe ɗan Fathi ne da madararsa." Ya ƙwanƙwasa fitilar tsakiya da yatsa. "Doka wannan ta sani. Me ya same ta?"

"Hutawa take, basha," na ce, yadda muke girmama ɗan sanda.

"Hutawa! To cire waɗannan idanun kafin Juma'a. In ba haka ba, ni zan cire su har da babur ɗin."

Masu jiran mota suka yi dariya. Ni ma na yi.

Baffa Sabri ya shekara arba'in yana tsallaka titin nan a wuri ɗaya, fatanya a kafaɗa, daga gidansa zuwa gona. Shi ya koya mana tsallakawa a hazo muna ƙanana. Ya ce kada ka nemi ganin mota, ba za ka gan ta ba. Dubi fitilunta. In sun matsu da juna, tana nesa, wuce abinka. In sun buɗe, ta iso, tsaya.

Ranar Alhamis ya dubi fitiluna. Ya ga sun matsu. Ya sako ƙafa.

Ban tuna na taka birki ba. Na tuna ƙarar gwangwanaye, da madara tana malala a kwalta har ta shige ƙarƙashin kansa. Mutane suka ɓullo daga cikin hazo ɗaya bayan ɗaya. Wani ya durƙusa ya ce, "Baffa, wa ya buge ka?"

"Mota ce," in ji shi. Idonsa a buɗe, yana kallon sama. "Tana can nesa fa. Nesa take."

Suka juyo kaina, suka ga gwiwata na jini, babur a kwance.

"Kai ma ta ture ka? Ka ga lambarta?"

Na girgiza kai. Abin da na yi ke nan. Ban yi ƙarya da baki ba, na sha gaya wa kaina haka.

Ni na riƙe kansa a bayan motar da ta kai shi asibiti. Kafin azahar ya cika.

A rumfar zaman makoki ɗansa Hamdi ya zaunar da ni kusa da shi. Da hannunsa ya ba ni kofi marar sukari. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya nuna ni ya ce, "Wannan ne ya ɗauko ubana. Ɗan'uwana ne daga yau."

Sajan ya zo rana ta biyu. Ya yi ta'aziyya, ya gaisa da layi har ya iso kaina. Bai saki hannuna da wuri ba.

"Yau Juma'a, ɗan Fathi," ya ce a hankali. Ya wuce.

Na daina kai madara. Na ce gwiwa ce. Na lulluɓe babur da buhu a bayan ɗaki, amma ko ina na juya sai in ga ɗigo biyu farare, matse da juna, can nesa. A ƙasan kofin shayi. A idon ɓaunarmu in ta ɗago kai. In na rufe ido sukan fara buɗewa.

Rana ta biyar Hamdi ya leƙo gidanmu, fuskarsa ta faɗa.

"Na gano shi, Ragab. Mitwalli mai kai kaji. Shi kaɗai ke wucewa a wannan lokacin, kuma gaban motarsa a lotse yake."

"Tun bara yake a lotse."

"Kai kana da kirki, shi ya sa. Ni da 'yan'uwan babana za mu je masa gobe bayan azahar. Ka zo, kai ne shaida."

Da asuba na yaye buhun. Na tura babur har wurin da abin ya faru, na kafe shi a gefen titi, na kunna fitilun. Hazo ya yi kauri kamar ranar. Na taka zuwa inda Baffa Sabri yake tsayawa. Na ƙirga, taku ashirin ne kawai. Na juyo.

Mota na gani. Tana can wajen gada, nesa ƙwarai. Ni da na sayi fitilun, ni da na kunna su da hannuna yanzun nan, da zan tsallaka, da na sako ƙafa.

Na daɗe a tsaye. Wani ya yi tari a bayana, irin tarin tsofaffi. Na waiga, babu kowa sai hazo.

Na koma na ciro sifana. Notin dama ya ƙi, sai da ya yanke ni a yatsa. Na ɗauko ƙarfen da fitilun a jikinsa, wayoyi na lilo, gilashin da sauran ɗumi.

Hamdi na tsugune a ƙofar gida yana karya kumallo da wake da burodi. Ya gan ni ya matsa gefe, ya tura mini kwano.

"Bismilla, ɗan'uwa. Mene ne wannan ka ɗauko?"

Ban zauna ba. Na ajiye ƙarfen a ƙasa, tsakanin ƙafarsa da kwanon.

"Ka bar Mitwalli," na ce. "Ga motar."