Sunaye Goma Sha Tara

"Ɗaga murya, Tabarau. Takalminki kike karanta wa?"

Haka Malam yake tsokanata saboda gilashin idona. Na sake karanta takardar daga farko. Malam Tackett maƙwabcinmu ne, shekara talatin yana koyar da tarihi a sakandaren garinmu. Yanzu yana kwance a falo da robar iska a hanci, ni kuma kullum in an tashi makaranta sai in biya in ari littafi. Sunaye goma sha tara ne a takardar: mahaƙan kwal da 'yan bindigar kamfani suka harbe lokacin yajin aiki, tun mahaifinsa na yaro. Ko ɗaya babu a littafinmu na tarihi.

'Yarsa Darlene ta shigo da romon kaza.

"Baba, ka sake tsare 'yar mutane da matattunka?"

"Naki ne ke ma. Na huɗun wan kakanki ne."

"Ƙasar nan ta ba ka aiki, ta ba ka fansho. Ina ka taɓa ganin irinta a duniya?"

"Irinta? Ko'ina. Masu rami a sama, masu haƙa a ƙasa, bindiga a tsakani. Mu dai mun fi kowa iya rera waƙa a kai."

"To sha romonka, tsohon kwaminis."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ta fita sai ya kamo hannun rigata.

"Ranar jana'izata fasto zai tambaya ko akwai mai magana. Ki tashi ki karanta su. Kada ki ƙara komai."

"Malam, ni fa ko a aji ba na iya ɗaga hannu."

"Na sani. Ni ma shekara talatin ina tsoron hukumar makaranta, ban taɓa faɗar su a aji ba. Ke kaɗai ce kike zuwa, Junie."

Ya rasu ranar Talata da safe.

Ranar Asabar coci ya cika. Fasto ya ce marigayi ya koya wa yaran garin nan son ƙasar da Allah ya zaɓa a cikin ƙasashe. Jama'a suka amsa da amin. Tsofaffin ɗalibansa suka yi ta tashi, wani ya ba da labarin kamun kifi, aka yi dariya.

"Akwai saura?" in ji fasto.

Na zaro takardar. Can gaba ina hango kafaɗun Darlene suna jijjiga. Mama ta ɗora hannu a gwiwata, ta raɗa mini, "Ba yau ba. Dubi baiwar Allah."

Hannun ba nauyi gare shi ba. Da na so, da na tashi.

Aka fara waƙa.

Wurin cin abinci Darlene ta rungume ni. "Na gode, 'yata, da kika bar shi ya huta." Ta cika mini faranti da dankali da soyayyiyar kaza.

Na fita bayan coci da farantin, na tsaya jikin shinge. Jirgin ƙasa mai ɗaukar kwal na wucewa, ƙararsa ta cika kwarin garinmu. Na riƙa faɗar sunayen, kowane tarago suna ɗaya, ko ni ba na jin muryata. Sunayen suka ƙare, taragun na ta wucewa.