Ranar da Ƙararrawar Rami Ta Yi Shiru

Ƙararrawar ta daina bugawa wata Talata da hantsi, cikin tsananin sanyi, Gotthelf Uhlig yana can ƙasan dutse yana haƙar dalma.

Ƙarama ce, ba irin ta coci ba. A kan rumfar ramin azurfa aka rataye ta, haɗe da ƙaton wilin katakon da ruwan kwata ke juyawa. Wilin ne ke jan sandunan famfo masu zuƙo ruwa daga gindin rami, duk zagaye sai ta buga sau ɗaya. Muddin tana bugawa, na ƙasa a bushe suke. Mutanen ƙauyen nan na duwatsun Saxony cikin sautinta aka haife su, don haka ba mai jin ta, yadda mutum ba ya jin numfashinsa.

Matarsa Concordia ma ba da kunne ta ji ba. Saƙar leshi take yi a bakin taga, yatsunta kuwa sun daɗe da sabawa da bin bugun. Sai kawai ta ga hannayenta sun tsaya. Ta dube su, ta saurara, ta fita ko mayafi babu.

A ƙasa, Gotthelf da abokin aikinsa Traugott suna bin wata siririyar jijiyar dalma da ta ratsa farin dutse. A hasken fitila tana ƙyalli kamar dukiyar sarki, amma dalma maƙaryaciya ce: azurfar da ke cikinta 'yar kaɗan ce, sai masu narka sun ƙona tuli kafin su ga abin da zai cika tafin hannu. Jijiyar ta yi sama, su ma suka bi ta sama, nesa da tsani. In famfo ya tsaya, ruwa zai cika gindin tsanin tun bai taɓa ƙafarsu ba.

"Malam mai littattafai," in ji Traugott, "me manyanka suka rubuta kan jijiyar da ke ramewa kamar akuyar gwauro?"

"Sun ce a rage surutu a ƙara guduma."

"Ashe tsohuwata ma marubuciya ce."

A sama, Concordia ta tarar da wilin tsaye. Ƙanƙara ta toshe kwata, mai kula da wilin ya hau tudu da gatari, yana ganin aikin ɗan lokaci ne. Mace ba ta shiga rumfar rami, an ce dutse yakan yi fushi ya ɓoye azurfarsa. Ta shiga. Mahaƙa suna da bugun da suke kiran juna da shi, ita ba wanda ya taɓa koya mata. Ta ɗauki guduma ta hau dukan ƙarfen sandar famfo yadda hannunta ya ga dama.

Sautin ya bi dutse ya iske su, siriri.

"Wannan ba kira ba ne," in ji Traugott. "Wani ne ya sha da safe."

Gotthelf ya kasa kunne, ya ajiye guduma. "Ɗauki fitilarka."

"Mu bar aiki saboda mashayi?"

"Zauna to. Zan gaya wa matarka ka mutu kana da gaskiya."

Da suka iso gindin tsani ruwa ya kai musu ƙugu, baƙi, mai sanyin da ke tsayar da numfashi. Suka hau, suna kiran na sauran lunguna. Kowa ya fito.

Godiyar mazan gajeriya ce. Kafin mako ya zagayo wasu sun fara cewa jijiyar ta ƙara ramewa tun da mace ta taka rumfa. Traugott kaɗai ya kawo mata zomo, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya ajiye ya tafi.

Da yamma, suna cin dafaffen dankali da cuku, ta tambayi mijin.

"Tsoho, ni fa ban san kiranku ba. Ya aka yi ka gane?"

"Na gaji da aiki ne, ina neman dalili."

"Ka ji ka," ta ce, ta tura masa gishiri.

Ya bar amsar sai wata rana, don a ganinsa ranaku suna da yawa. Zazzaɓi ya ɗauke ta kafin ƙanƙara ta narke, yana ƙasan dutse. Likita ya ce fitar nan da ta yi babu mayafi ce sanadi. Gotthelf ya fi likitan karatu, ya bincika littattafansa kaf yana neman inda zai ƙaryata shi, bai samu ba.

Ya tsufa, abin da mahaƙan dalma ba su cika yi ba. Ya ga jikokin mutanen da suka hau tsanin nan sun girma, ba su ma san sunanta ba, amma duk wanda ya wuce cikinsu sai Gotthelf ya bi shi da kallo kamar jikansa. Bai taɓa raina ko kwana ɗaya daga cikin kwanakin da ta ba shi ba. Abin da bai samu gaya mata ba shi ne, ba kira ya gane ba, hannunta ya gane: haka take dukan tukunya da ludayi in ya nutse a karatu miya tana hucewa, kuma tun da ya aure ta bai taɓa jin bugun nan ya ƙi tashi ba.