Haruffan Mastro Ilario Masu Karkata

Da na shiga madaba'ar, garin burodi ko wankewa ban yi daga hannuna ba, Nicodemo Scarfò ya riga ya danne wuyan mai wurin, Mastro Ilario, a kan tebur. Ƙanensa kuma ya zazzage akwatin haruffan dalma a ƙasa yana bi da takalmi.

"Ke Assunta, koma wajen tandarki," in ji Nicodemo, ko juyowa bai yi ba.

Ban koma ba. Ban kuma taɓuka komai ba, abin da ke cin raina ke nan har yau.

Shekara talatin muna katanga ɗaya da tsohon nan mai baƙin taurin kai. Cikin akwatunan haruffansa, akwai ɗaya da yake ji da shi: haruffa sirara masu karkata dama, kowanne da 'yar ƙafa da jela mai lanƙwasa, ko faɗuwa ɗaya ya yi sai jelar ta ɓalle. Da su yake buga katin auren 'yar likita da sanarwar rasuwar manya da ake liƙawa a bangon coci. Talaka kuwa sai masu kauri a tsaye, irin na tallan gwanjo. Ko wanda bai iya karatu ba ya san bambancin.

Sai ga shi ya buga sunan Fortunato makiyayi da masu karkatar nan a sanarwar rasuwarsa, mutumin da aka tsinta a rafi da harsashi biyu a baya, bayan ya ƙi sakar wa gidan Scarfò filinsa.

"Da haruffan da ka buga sunan ubanmu?" Nicodemo ya daka masa tsawa. "Mai warin akuya?"

"Ubanku ma akuya ya kiwata, yaro. Ba takalmi na san shi."

"Tashi ka ɓanɓare takardun daga bango, ka sake da na gwanjo."

"Hannun ya tsufa, ba ya ɓanɓara."

"To bari mu hutar da shi."

Gudumar katakon da yake daidaita haruffa da ita suka ɗauka. Na ji ƙarar karyewar yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya tofa wa Nicodemo yawu, suka buga kansa da ƙarfen injin buga takardu sau biyu, jini ya gangara cikin tawada. Suka gyara huluna suka fita.

Kwana huɗu ya yi a gadonsa bai gane kowa ba, ranar Laraba da hantsi ya cika. Likita ya rubuta cewa santsi ya kwashe shi.

Daga birni ɗan 'yar'uwarsa ya sa aka bugo sanarwar rasuwarsa, da masu kaurin nan. Ni na dama gari na liƙa ta kusa da ta Fortunato, wadda har ranar ba wanda ya cire.

Ina shafe gefen takardar, sai matar makiyayin ta tsaya a bayana da baƙin mayafinta.

"Assunta, wanne ne sunan mijina a ciki?"

Na nuna mata a jikin takardar Fortunato. Ta goge yatsanta a zaninta, ta ɗora shi a kan harafin farko, tana bin lanƙwasar a hankali.