Zanen Hannun Baba Alu

Ana cikin ɗaure katifar amarya a saman motar hayis, Baba Alu Mai Faci ya fito daga lungun gidansu na Agege cikin babbar riga sabuwa fil, yana bai wa dangin ango labarin da duk unguwar ta haddace.

"Ni da kuke gani, tare da shanu na shigo Ikko, cikin taragon jirgin ƙasa, kwana huɗu ba abin da na sa a baki sai rake! Yaƙi ya same ni a bakin titin nan, ya gaji ya tafi ya bar ni. Soja sun ce za su tashi masu faci, yau ina suke? Sun koma bariki, ni ina kan bencina. Rim ɗin tirela ya fashe a gabana ya ɗauke mini yatsu biyu, wallahi sai da na ƙarasa facin kafin na nemi asibiti!"

Matarsa Iyatu ta wuce da kwallar tuwo a ka, ta ce, "Malam, bara kwana uku ka ce."

"Bana jirgin ya yi latti," in ji shi, aka kwashe da dariya.

Ranar kuwa ta dariya ce. Autarsa Mastura za a kai Sabon Shagamu, gidan saurayin da ta zaɓa da bakinta, ɗan masu goro. Yayan ango, Murtala, shi ya zo da motarsa, ya wanke ta tana sheƙi, ya rataya sabuwar wayar hannu a wuya yadda kowa zai gani. Mata goma sha bakwai ne za su shiga, ban da kwanuka da akwatuna da katifa.

Baba Alu ba ya iya wuce mota bai taɓa tayarta ba, shekara arba'in da ɗabi'ar. Yana magana ya sunkuya ya ɗora hannu a tayar gaba ta dama, babban yatsansa ya bi cikin zanen. Sai ya katse maganar.

A kowace kwana ta zanen akwai ɗan lanƙwaso zuwa hagu, ƙarami ƙwarai, ido ba ya gani sai yatsa. Injin kamfani ba ya yin haka. Hannu mai yatsu uku ne kaɗai yake yi.

Wata biyar da suka wuce wani dillali ya kawo masa suɗaɗɗun tayoyi. Ya shiga bayan rumfa, ya gasa ƙarfe a gawayi, ya yanka musu sabon zane, ya shafa musu baƙi. Ya gaya wa zuciyarsa ai danfo za a saka wa, motocin hayar cikin gari, masu rarrafe a cunkoson Oshodi, ba gudun da za su yi. Ya san abin da ya rage tsakanin zanen nan da wayar cikin tayar bai fi kaurin farce ba. Yanzu ga ta a gaban motar da za ta hau babban titin Ibadan da rana tsaka, kwalta na tafasa, da 'yarsa a ciki.

Ya miƙe ya gyara murya. "Murtala, ɗana, tayar nan ba ta kwanta mini ba."

Murtala ya yi dariya ya buga ta da ƙafa. "Haba Baba! Tokunbo ce, gwanjon Beljiyam, shekaranjiya na saka ta saboda bikin nan. Dubi zane, ka sa yatsa ya nutse."

"Na sa. A canza ta."

"Da wane dalili, Baba?"

Kafin ya lalubo dalili, Hajiya Baiwa, gwaggon ango, ta leƙo ta taga tana fifita da gefen mayafi. "Malam Alu, motar tamu ce ba ta kai darajar 'yarka ba? In jirgin sama kake so ka faɗa, mu koma mu shirya."

"Hajiya, ba haka ba ne."

"To rana na yi. Can gida an girka, maroƙa na jira."

Gumi ya tsatso masa ƙarƙashin hula. Abin faɗa guda ɗaya ne, kuma a gaban surukai ne, da 'yan unguwa, da liman da ke zaune kan tabarma yana cin goro. Shekara arba'in yana cewa ba tayar da ta bi ta hannunsa ta ci amanar direba. Ya ce a ransa wataƙila ta kai, Shagamu ai ba Kano ba ce.

Sai guɗa ta tashi daga cikin gida. Aka fito da Mastura lulluɓe, ƙawaye na riƙe da ita. Da ta zo daidai da shi ta durƙusa, ta kama gefen rigarsa ta ce, "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe miki, uwata, duniya da lahira."

Aka ɗaga ta, aka nufi ƙofar motar, ƙafarta mai lalle ta taka matakin da ke bayan tayar nan. Baba Alu ya ɗaga hannunsa mai yatsu uku.

"Ku sauko da ita! Murtala, tayarka ba ta taɓa ganin Beljiyam da zanen nan ba. Ni na yanka shi, a bayan rumfata, da ƙarfe da gawayi."

Mai kalangu ya sauke makaɗi. Liman ya daina tauna.

Murtala ya ce, "Baba, wasa kake."

"Ba ni ƙusa."

Aka miƙo masa. Ya durƙusa da sabuwar rigarsa a ƙasa, ya karce gindin zanen sau biyu. Waya ta leƙo tana ƙyalli. Murtala ya dafe kai ya ce, "Innalillahi!" Wata tsohuwa a cikin motar ta fara sauko da ƙafa ba tare da an ce mata ba.

Baba Alu ya ɗago ya dubi fuskoki, kunya ta kama shi na ɗan lokaci, amma ba ta saba zama a jikinsa ba. Ya ɗaga ƙusar sama.

"To ku faɗi gaskiya, cikinku wa ya gane? Kai Murtala shekararka nawa kana tuƙi? Goma sha biyar! Ka gane? Wanda ya sayar maka ya gane? Ko Baturen da ya ƙera tayar aka kawo, sai ya rantse aikinsa ne. Duk Ikko mutum ɗaya ne zai iya kama aikin Alu, shi ne Alu!"

Hajiya Baiwa ce ta fara tuntsirewa, har tana riƙe ciki. "Yau na ga ikon Allah! Mutum ya tona asirin kansa, kuma yana jira a tafa masa."

Iyatu ta ce daga bakin ƙofa, "Ashe ƙaurin robar da nake wankewa a rigarka ke nan. Ka ce mini bola ake ƙonawa."

Liman ya girgiza kai yana murmushi. "Malam Alu, gobe bayan sallah ina son ganin ka."

"Zan zo, Allah gafarta Malam. Amma yanzu a ba ni jak."

Ya tuɓe babbar rigar ya miƙa wa Iyatu, ya tsallaka rumfarsa ya garo taya sabuwa dal, wadda ta daɗe a rataye yana nuna wa masu wucewa. Da kansa ya kwance, da kansa ya ɗaura, ya hana kowa taɓa sifana. Ya bi sauran ukun har da safaya da gejin awon iska, ya rage wa ɗaya iska, ya ƙara wa biyu, ya zaƙulo tsakuwa daga zane, ya shafa gefunansu yana neman kumburi. Mai kalangu ya koma kiɗa, mata suka sauko suna rawa a gefen motar, har da Hajiya Baiwa.

"Murtala, saurara. Kayan saman nan sun yi nauyi, kada ka yi tsere da kowa. In ka kai rabin hanya ka tsaya a inuwa su huce. In ka taɓa ka ji zafi kada ka sace musu iska, ka bar su kawai."

"To Baba."

Ya ɗauko wuƙa ya farke gefen tsohuwar tayar daga sama har ƙasa a gaban kowa. Motar ta tashi, Mastura ta ɗaga mayafi kaɗan ta taga, ya ga tana dariya da hawaye a tare.

Bayan la'asar mai shagon buga waya na bakin titi ya ƙwala masa kira: Murtala ne, sun sauka lafiya, amarya na gaishe shi. Baba Alu ya koma bencinsa ya miƙe ƙafafu, ya ɓare goro fari.

Bai gama taunawa ba ya hangi Lasisi, Bayarabe direban danfo, da abokansa biyu, kowa na garo suɗaɗɗiyar taya, sumul kamar tafin hannu.

"Baba Hausa, ẹ kú iṣẹ́, sannu da aiki! Barka da biki," in ji Lasisi da Hausarsa ta tasha. "Labari ya kai gareji. An ce kai ne oga, aikinka ko Bature ba ya ganewa."

"Haka aka ce?" Ƙirjin Baba Alu ya buɗe. "Ba su yi ƙarya ba."

Ya jawo tayar Lasisi tsakanin gwiwoyinsa, ya shafa ta a hankali, yatsun nan uku suna bin inda zane zai bi.

"Wannan, da zan zauna mata, gobe sai ka rantse daga cikin leda ta fito."

"To Baba, yaushe zan dawo?"

"Na ce da zan zauna. Ban ce zan zauna ba."

Ya juya tayar ya tunkuɗa ta da ƙafa. Ta gara ta tsallake titi, ta je ta kwanta a gaban rumfar Sale mai yanka takalma daga tsofaffin tayoyi.

"Sale!" ya ɗaga murya. "Ga kaya nan, biyu na tafe. Ka auna ƙafar Lasisi."