Taron Ƙarshe na Ƙungiyar Baba Kumagai

Tun da na yi ritaya daga gidan waya, matata kuma ta rasu, ba abin da nake yi sai tara kayan ƙungiyoyin tsofaffin sojoji: tutoci, lambobin ƙirji, da 'yan kofunan giyar shinkafa masu ɗauke da sunan bataliya. Gidana a Sendai, a ƙasar Japan, ya cika da su, amma ba mai zuwa gani.

Wata rana wata mata mai suna Michiyo ta bugo mini waya daga Shinjo. Ta ce mahaifinta, Kumagai, shekararsa casa'in da huɗu, shi kaɗai ya rage a ƙungiyarsu, ga akwatin kaya ba magaji.

"Amma ya ce sai ka zo taron bana," in ji ta.

"Taro da wa?"

"Kai dai ka zo."

Na hau jirgin ƙasa na tafi. A masaukin da suka saba haɗuwa duk kaka, na tarar da tsohon zaune ƙarƙashin wata koɗaɗɗiyar tuta, a ɗakin da zai ci mutum hamsin. An jera kofuna a dogon tebur, kowanne da sunan mai shi.

"Kai ne mai kwashe kayan matattu?" ya ce.

"Ni ne, Baba. Shibasaki."

"Shekararka nawa?"

"Sittin da takwas."

"Ashe jariri ne. Matsa can, nan wurin Saje Onuma ne, kuma masifaffe ne."

Na matsa. Ya buɗe wani tsohon littafi, ya gyara tabarau.

"Bara ni na kira suna, ni na amsa, har mai kawo abinci ta zaci na zautu. Yau kai za ka amsa."

Ya fara kira, ni kuma ina cewa, "Ya rasu." Sunaye arba'in da bakwai ne. Wasu sunayen ya wuce su da sauri, a kan wasu kuma ya tsaya ya ba ni labari: wanda ya goya shi kwana biyu yana zazzaɓi, wanda ya sace dankalin kyaftin aka doki Kumagai a madadinsa. Na zo da niyyar tambayar shekarun tutar, ban samu bakin yi ba. Da ya kai kan nasa sunan, sai ya rufe littafin.

"Wanda ya yarda a rushe ƙungiya ya ɗaga hannu." Ya ɗaga nasa. Ya harare ni. "Sauke naka, ba ka da ƙuri'a."

Muka sha shayi, don likita ya hana shi giya. Shi ya naɗe tutar da kansa, ya ƙi a taya shi. Ya ba ni komai, ban da kofinsa, wanda ya jefa a aljihu.

Na koma gaishe shi sau biyu. A na biyun bai gane ni ba, sai tambayata yake ko Onuma ya iso. Na ce yana hanya. Michiyo ta rako ni bakin ƙofa, dusar ƙanƙara na zuba, ta ce kada in ƙara wahalar da kaina. A watan Fabrairu ta aiko da kati cewa ya rasu.